Da Izinin Mai Gona

Gusau, watan ƙaramar salla, 1347

Daga Mas'udu dillalin fata zuwa ga taubashina Malam Lukuman ɗan Kawu Garba, wanda ya tafi Tsafe neman ilimi ya manta hanyar gida. Gaisuwa mai yawa, da fatan an yi salla lafiya. Mu nan ƙalau muke. Matata Wasila ta sha fama da haƙori cikin azumi, wanzami ya cire shi, yanzu bakin ya dawo aiki fiye da da. Na sami labarin mahaifiyarka Inna Kulu daga Bungudu, ƙafar ta yi sauƙi har tana fita unguwa.

Bayan haka, zancen gonarka ta bakin tsamiya, wadda ka bar mini amana. Hanyar jirgi ta kusa isowa garin nan, kuma kullum baƙi ke sauka, kowa da tabarmarsa a kafaɗa yana neman inda zai kafa bukka ya yi shuka. Mai Unguwa Labbo ya tare ni cikin kasuwa ya ce, "Mas'udu, gonar marigayi Garba ta koma daji. In ruwa ya sauka ban ga hauya a cikinta ba, zan ba mai so." Na ce masa za a gani. Ban dai faɗa masa hauyar wa ba.

Ka san ni da noma. Masu aikin lada kuwa duk sun tafi haƙar hanyar jirgi. To ga dabarar da Allah ya kawo.

Baturen kantin da nake kai wa fata, shi da abokansa, da yamma sukan fita fili bayan bariki da sanduna masu kan ƙarfe. Su bugi wata 'yar farar ƙwallo kamar ƙwan zabo, su bi ta a ƙasa, su sake bugu, har ta faɗa wani ɗan rami. Wanda ya kai ta da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Golaf suke ce masa. Manya da su, da gashin baki, suna bin ƙwai cikin rana. Na yi musu dariya har na gaji, sannan na iske kaina a bayan gida ina bugun ƙwallon goruba da ƙotar hauya.

Yanzu mun zama ƙungiya. Akwai Sabiru maɗinki, da Muhammad Sani mai goro, da wasu daga rumfunan fata. Mun haƙa ramu biyar a gonarka, na ƙarshe a gindin tsamiya, kuma bayan la'asar muke taruwa. Da yake Turawa ba su ba mu dokokinsu ba, sai muka yanka namu. In akuya ta ɗauke ƙwallonka, daga inda ta tofar za ka buga. Ba a yi wa mutum zancen ciniki yana ɗaga ƙota, don Sabiru ya gano cewa da ka ce wa Muhammad Sani goro ya faɗi a Kano sai hannunsa ya karkace. In aka kira salla kowa ya bar ƙwallonsa inda take, kuma wanda tasa ta yi tafiya ana cikin sujada shi ne na baya, ba musu. Doka kuwa in ta zauna ba ta tashi, sabuwa ba ta shiga, sai mai so ya tsaya da ƙafarsa ya jefa ƙwallo ramin tsamiya da bugu uku.

Ga inda riba take. Wanda ya zo na baya, washegari da safe zai zo da gatari da hauya ya share daga rami zuwa rami. Wanda ƙwallonsa ta shiga ƙaya, shi zai sare ƙayar. Kada ka ce caca ce, malam, ba a sa ko anini. Wanda ya ci ba ya tafiya da komai sai baki. Ni dai har yau ban zo na baya ba.

Saura ɗaya, wadda na yanka don girmanka. Kafin kowa ya yi bugun farko sai ya juya ya fuskanci Tsafe, ya rusuna, ya ce da ƙarfi, "Da izinin mai gona, Malam Lukuman." Wanda ya manta an ƙara masa bugu. 'Yan kallo sun fi son wanga wuri da wasan kansa. Ka yi suna a Gusau kana zaune kan buzu.

Ka gaida malaminka. Wassalam.


Tsafe, watan Zulƙida, 1347

Daga Lukuman ɗan Garba zuwa ga Mas'udu. Aminci ya tabbata gare ka da iyalinka. Takardarka ta same ni lafiya ta hannun masu jakunan gishiri. Ina yi wa Wasila barka da rabuwa da haƙori, ina kuma yi mata jaje da har yanzu ba ta rabu da kai ba. Ni lafiya nake, sai ido da ke ɗan ruwa saboda hayaƙin fitila.

Na karanta dabararka. Ban yi mamaki ba. Tun muna yara in aka aike mu itace, kai ne kake zama a inuwa kana ba da labari, wasu su ɗaura maka naka. Gona dai in za ta sharu, Mai Unguwa ya ga hauya, ban hana ba. Ita kaɗai ce abin da mahaifina ya bar mini, kuma a kanta nake sa ran zama in na gama abin da ya kawo ni nan.

Amma zancen rusunawa bai yi mini daɗi ba. Labarin ya riga takardarka zuwa. Wani mai jaki ya gan ni a ƙofar masallaci, ya sauke kaya, ya duƙa a gaban mutane ya ce, "Da izinin mai gona." Abokan karatuna sun ɗauka. Yanzu ko buta zan miƙa wa mutum sai ya nemi izini. Wasan taubasai tsakanina da kai ne, ban ce ka raba wa kasuwar Gusau ba. Kuma Tsafe daga wurinku ta yi wajen gabas, ba na son a ga manyan mutane suna duƙawa ta nan da sunana a bakinsu. Ka soke wannan doka. Ban roƙe ka ba, mai gona ne ke magana, tunda kai ka naɗa ni.

Ka kuma kula kada wani abu ya shiga wasan, ko goro ko dabino. Abin da aka fara da dariya a rumfar kasuwa na san inda yake ƙarewa.

In ka sami mai zuwa Bungudu ka aika wa Inna gaisuwata. Wassalam.


Gusau, bayan babbar salla, 1347

Daga Mas'udu zuwa ga mai gona, Malam Lukuman. Gaisuwa da barka da salla. Muna lafiya, fata ta yi yawa har ta yi arha, kamar kowace shekara in aka yi layya. Idonka kuwa ka rage karatun fitila, littafin ba gudu zai yi ba.

Zancen izini na kai shi gaban 'yan wasa, na karanta musu takardarka da muryarka. Sun yanke abin da suka yanke. Kada ka ƙara sa shi a ranka.

Ga labari mai daɗi. Allah ya kawo mana wani mutum, Dogo, mahauci ne daga Bungudu, bai daɗe da sauka garin nan ba. Ya tsaya kallo, ya ce a ba shi ƙota. Taubashi, ban taɓa ganin hannu irin nasa ba. In ya nufi tsamiya, ƙwallo sai ta nufi gulbi. Ran nan ya ɗaga ƙota da ƙarfinsa duka, ya kwashi ƙasa, ƙwallo na zaune tana kallonsa. Tun da ya shigo ba wanda ya ƙara zuwa na baya. Kuma ba ya fushi. Da sassafe za ka gan shi da gatari yana waƙa. Ya sare ƙaya, ya tone kututture, ya tara ya ƙone. Da ruwan farko ya sauka muka mayar da tarar ta zama shuka, shi ya yi ta, har iri ya kawo nasa, gero da wake, ya ce kada in wahala. Mai Unguwa ya wuce ya gani, ya kaɗa kai. Mun matsar da ramu uku zuwa faƙon da ke gefe don kada a taka shuka.

Mutumin kuma yana da kai wajen ƙirƙira. Ya ce bin rami biyar kawai yana sa barci, a sa ƙananan wasanni a ciki. Ya kawo wanda muke kira kura: mutum ya ce shi kura ne a wanga rami, ya tsaya shi kaɗai, sauran su haɗu a kansa. Ya kawo malafar kunya, wata yagaggiyar malafa da ake ɗora wa wanda ya kewaye bakin rami sau uku bai shiga ba, ba ya cirewa sai wani ya karɓe shi. Sabiru ya shiga kasuwa da ita, matarsa ta ƙi buɗe masa ƙofa. Sai kuma kusa-da-baki: kowa ya yi bugu ɗaya, wanda ƙwallonsa ta fi kusa da rami ya karɓi goro ɗaya-ɗaya a hannun sauran.

Na san ka ce kada goro ya shiga. Amma goro ne fa, malam, abin da ko ba wasa za a miƙa wa juna. Muhammad Sani ya fi kowa murna, don a wurinsa ake saye. Dogo ne ke biya kusan kullum. Ni kaina bakina bai huce da ja ba tun salla.

Cika-ciki ta ƙarato. Har yau ba mu daidaita wa ke ba wa shara, kyautar taubasai, tsakanina da kai ba, amma bana da gona shararriya na biya, ba ka da bakin magana.

Wassalam.


Tsafe, watan Muharram, 1348

Daga Lukuman zuwa ga Mas'udu. Sallama da gaisuwa. Ina lafiya a jiki. Ka karanta wannan kai kaɗai, kada ka kai ta gaban 'yan wasa.

Inna Kulu ta aiko mini da saƙo daga Bungudu. Ta ce matar wani mahauci, Jummai, tana yawo gida-gida tana sallama, wai mijinta ya sami gona a Gusau, a bakin wata tsamiya, da kaka za ta tare. Inna ta tambayi sunan mijin, aka ce Dogo. Ta ce in gaya maka, duk Bungudu an san Dogo da jifa. Zabuwa tana tashi yake sako ta da sanda. Yaran garin da shi suke rantsuwa in ana zancen saiti. Wannan shi ne mutumin da ka ce ya nufi tsamiya ya sami gulbi.

Mas'udu, kai da kake sayen fata kana shinshina ta don kada a cuce ka. Ka zauna ka duba abin da ya faru. Ƙasar da ta koma daji, wanda ya sare ta ya tone ta ya zuba irinsa yana da magana a kanta, a littafi da kuma a wurin masu gari. Wa ya sare? Wa ya tone? Irin wa ke ƙasa? Ni ba na nan, kai kuma ba wanda ya taɓa ganinka da hauya mai ruwa.

Za ka ce akwai shaidu, Sabiru da Muhammad Sani za su faɗi cewa tarar wasa ce yake biya. To goron nan da ya kawo, don su ya kawo shi. Mutumin da aka san yana wasa a kan abin ci, ko goro ne, ba a karɓar shaidarsa. Ya ciyar da ku duka har bakinku ya yi ja, ya rufe shi.

Abin da ya fi ci mini rai nawa ne. Da dokar izinin nan tana nan lokacin da ya shigo, da ya faɗa da bakinsa a gaban jama'a cewa gonar tawa ce, kuma wanda ya nemi izini ya noma, aro ya yi. Ni na sa ka soke ta, don wani mai jaki ya ba ni kunya a ƙofar masallaci. Ka ce kada in ƙara sa ta a raina, ga shi ita kaɗai ce a ciki.

Ka je wurin Mai Unguwa Labbo kafin Dogo ya riga ka. Ka amsa mini da mai jakin farko. Wassalam.


Tsafe, watan Safar, 1348

Daga Lukuman zuwa ga Mas'udu. Sallama. Ina fatan lafiya ce ta hana ka amsa, ko da yake ban san wace irin lafiya ce ke hana mutum riƙe alƙalami ba.

Masu jakuna sun zo sun koma, ba takarda. Ɗaya ya ce gero a bakin tsamiya ya kai ƙirji, ya ce mutane na cewa gonar Dogo. Wani ya ce ya gan ka a rumfarka kana dariya. Na nemi malam ya sallame ni in taho, ya ce in bari mu kai ƙarshen babin da muke ciki, kuma rafukan hanya sun cika. Inna ta sake aikowa, ban san abin da zan ce mata ba.

In gonar ta tafi ka faɗa mini a fili. Na fi son in ji daga gare ka da in ji a ƙofar masallaci. Wassalam.


Gusau, watan Rabi'ul Awwal, 1348

Daga Mas'udu zuwa ga taubashina Lukuman, mai gajen haƙuri. Gaisuwa. Muna lafiya, ruwa ya yi yawa har katangar bayan gida ta zauna, ba wanda ya ji ciwo. Takardunka biyu sun iso. Ban amsa ba don ba na sayar da fata tana jikin akuya. Yanzu an feɗe, ga labari.

Ban je wurin Mai Unguwa ba. Da na riga Dogo zuwa, da ni ne mai ƙara, ni za a ce in kawo shaida, kuma ka riga ka faɗi darajar shaiduna. Na bar shi ya kai kansa. Muka ci gaba da wasa kamar ba komai, ina cin goronsa.

Da gero ya fara fitar da kai sai ga ɗan aike, wai ana nemana a ƙofar gidan Labbo. Na tarar da rabin kasuwa a can, don an ji 'yan ƙwallon rami za su yi shari'a. Dogo ya zauna ya naɗe ƙafafun nan nasa, ya yi magana a natse.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, daji na tarar. Ƙaya na sare, kututture na tone, irina na zuba. Wanda ake cewa mai gonar, ban taɓa ganin fuskarsa ba. Ina roƙo a tabbatar mini da ita."

Labbo ya dube ni. Na ce tarar wasa ce, ga Sabiru, ga Muhammad Sani.

Dogo ya ce, "A tambaye su goro nawa suka ci a hannuna, kuma a kan me."

Sabiru ya rufe baki da hannun riga. Malamin da ke zaune kusa da Labbo ya ce waɗannan a ajiye su gefe. Har nan duk yadda ka faɗa ne, kamar kana wurin. Na ga Labbo ya fara gyara zama irin na mai shirin yanke magana.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ana ta zancen wasa, malam bai taɓa gani ba, ga shi zai yi hukunci a kansa. A bari Dogo ya nuna yadda ake yi. Bugu ɗaya."

Dama na zo da ƙota da ƙwallo a cikin riga. Labbo mutum ne mai son kallo, ya ce a nuna. Na ajiye ƙwallon goruba a tsakiyar fili, na miƙa wa Dogo ƙota da hannu biyu. Ya karɓa. Ya dubi ƙwallo, ya dube ni, na ga ya gane. Ya gyara tsayuwa, bai juya ko'ina ba, ya ɗaga ƙota zai buga.

Sai Hauwa'u mai fura, wadda ke kawo mana fura gindin tsamiya kullum, ba ta taɓa riƙe ƙota ba balle goro, ta ce daga bayan mutane, "Bai nemi izini ba."

Wani ya ce, "A ƙara masa bugu." Wuri ya ɗauka, kowa na faɗin bai nema ba, kamar yadda suka saba yi a bakin gona.

Labbo ya ɗaga hannu ya ce, "Izinin wa?"

Taubashi, da ka ji. Masu itace, masu jakuna, mata masu komowa daga gulbi, baki ɗaya: "Da izinin mai gona, Malam Lukuman." Wasu har da juyawa wajen Tsafe.

A nan zan tsaya in gaya maka abin da ka karanta ba daidai ba. Na rubuta maka cewa 'yan wasa sun yanke abin da suka yanke. Ban ce sun soke ba. Tun takardata ta farko na faɗa maka doka ba ta tashi sai mai so ya zo da ƙafarsa ya jefa ƙwallo ramin tsamiya. Kai takarda ka aiko, takarda kuwa ba ta riƙe ƙota. Ka yi ta karanta manyan littattafai ka tsallake layi ɗaya na dillalin fata.

Labbo ya ce, "Dogo, kai ma kana faɗa?"

Hauwa'u ta ce, "Shi ya fi kowa. Da tsawon nan nasa sai ya ninku biyu. Har cewa yake Allah ya ƙara wa malam ilimi, abin da ba ya cikin dokar."

Dogo ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai wasa ne."

Labbo ya ce, "Noman ma a wasa ka yi shi. In za a ɗauki ɗaya, a ɗauki duka."

Dogo ya gyara riƙon ƙota. Can ya juya ya bugi ƙwallon, don haushi. Akwai wani tulu a jingine can ƙarshen fili, wajen rijiya, nisan da ni sai na yi bugu uku. Ƙwallon ta shiga bakin tulun, muka ji ƙarar ruwa. Sabiru ya ce, "Ashe."

Ga hukunci. Gona taka ce, abin da Dogo ya yi aro ne. Amfanin bana nasa, tunda guminsa ne da irinsa, amma zai kai dami ɗaya na gero ga mai gona don kowa ya gani. Na ce a kai wa Inna Kulu a Bungudu, Jummai ta ɗauka a kanta, tunda ta san gidajen. Sai dai Labbo ya ƙara da abin da ba zan ɓoye maka ba. Ya ce ba zai sake zaman shari'ar ƙwallo ba. Baɗi ko ya ga mai gona da hauya a cikinta, ko wanda aka bar wa amana, da hannunsa, in ba haka ba zai ba baƙo, kuma ba rusunawar da za ta hana.

Kada ka tambaye ni ko tun farko na san abin da Dogo ke ƙullawa. Gona dai ta nomu, hannuna bai yi kanta ba, kuma tana hannunka. Dogo bai bar wasa ba. Ya ce tunda asiri ya tonu bari ya huta da faɗuwa, yanzu ba mai ganin ƙurarsa, ni kaɗai nake bi masa. Malafar kunya ta zauna a kan Muhammad Sani. Goro mun daina, malamin Labbo ya yi mana wa'azi a tsaye.

Wassalam.


Tsafe, ƙarshen Rabi'ul Awwal, 1348

Daga Lukuman zuwa ga Mas'udu. Aminci da godiya ga Allah. Ina lafiya, idon ma ya washe. Na karanta takardarka a zaune, na tashi na sake karantawa a tsaye. Na aika wa Inna. Ka gaida Hauwa'u mai fura, ka ce mai gona ya gode.

Layin da na tsallake na koma na gan shi, yana nan inda ka ce. Amma kai ma da ka rubuta "ba a soke ba", kalma huɗu, da ban yi wata biyu ina juyi a kan tabarma ba. Wannan na ajiye maka shi.

Dokar izini a bar ta. Masu jakuna su yi ta duƙawa, na saba.

Sharaɗin Mai Unguwa kuwa, ya ce ko ni ko wanda aka bar wa amana. Karatuna da saura. Saboda haka ga sabuwar doka daga mai gona: daga yau wanda ya zo na biyu shi ke noma, in dai sunansa Mas'udu. Ka ce kai ke bin Dogo, to ka ci gaba da binsa har cikin kunya, ka ga yadda ake riƙe hauya. Wassalam.


Gusau, watan Rabi'ul Ahir, 1348

Daga Mas'udu zuwa ga Malam Lukuman. Gaisuwa. Muna lafiya. Jummai ta kai dami, Inna ta ba ta ruwa ta sha, ta tambaye ta yaushe ne tarewar.

Sabuwar dokarka na kai ta gaban 'yan wasa, kuma wannan karon zan faɗa maka abin da suka yanke dalla-dalla, don kada ka sake juyi a kan tabarma. Ba ta shiga ba. Ka sake tsallake rabin layin: doka ba ta tashi da takarda, ba ta kuma shiga da takarda. Dogo ne ma ya fara tunawa.

Na je wurin Labbo na ce masa amanar da aka ba ni ta tsaro ce, na tsare. Ya ce to ya zuba ido ya ga mai ita kafin ruwan baɗi. Ka gaya wa malaminka babin da ya rage ka ƙarasa shi da rani. Ɗakin zaure na nan, Wasila ta share.

Na sa maƙeri ya gyara maka ƙota, ta icen ƙirya, daidai tsawonka. Tana rataye a reshen tsamiya tana jiranka. Namu duka kansu fayau ne, ba ƙarfe. Taka na ce ya sa mata ruwan hauya.

Wassalam.